Yadda Ake Saita Injin Mota Mai Ƙarfi a Kaduna Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Duk wanda ya kawo mini mota irin su Golf GTI, ko BMW 335i, ko Subaru WRX, maganarsa ɗaya ce: "Oga, a ƙara mata wuta." Ƙarin wutar yana yiwuwa, kuma na yi shi sau da yawa, amma abin da ke hannun mai saiti guda uku ne kacal: yawan man da ke shiga silinda, lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi, wanda makanikai ke kira taimin, sai kuma matsin iskar da turbo ke turawa idan motar tana da shi. Dukkan ukun suna rubuce ne a matsayin jadawalin lambobi a cikin ƙwaƙwalwar mota, wadda ake kira burenbos a gareji. Wanda zai taɓa waɗannan lambobi dole ya fara auna abin da injin ke yi, ya canza abu ɗaya, ya sake aunawa, kuma ya bar rata saboda irin man da muke sha da irin zafin da muke yi a watan Maris da Afrilu.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne na'urar karanta bayanan mota ta ramin OBD2, wato ramin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna da shi tun daga 1996, masu fetur na Turai kuma tun daga 2001. Ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa a karanta lambobin matsala, amma tana da nawa wajen ɗaukar bayanai, don haka a nemi manhajar da ta dace da motar: VCDS ga dangin Volkswagen da Audi, MHD ga BMW masu injin N54 da N55, RomRaider da wayar Tactrix ga tsofaffin Subaru, Hondata ga Honda, HP Tuners ga yawancin Ford da Chevrolet da Dodge. Wasu motocin sai da na'urar karantawa da rubutawa irin KESS.

Na biyu, kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir. Wadda ba ta aiki sai a jikin wuta ba ta da amfani a nan, domin ɗauke wuta a tsakiyar rubuta sabon saiti a ƙwaƙwalwar mota yana iya kashe ƙwaƙwalwar.

Na uku, na'urar auna cakuɗin iska da mai daga hayaƙi, wadda masu saiti ke kira waidiban. Galibinsu suna amfani da sensar Bosch LSU 4.9. Sensar da ke jikin tsofaffin motoci tana iya cewa mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan ne kawai, ba ta faɗin adadi. Motoci da dama na baya-bayan nan, ciki har da GTI da 335i, sun zo da irin waidiban daga kamfani, kuma idan tana da lafiya ana iya dogara da ita.

Sauran kayan su ne ma'aunin matsin silinda, sabbin fulogi da ma'aunin ratar bakinsu, caja mai riƙe batir tsakanin bolt 13 da 14, tukunyar kashe gobara, littafi da biro, da kuma mutum na biyu da zai riƙe kwamfuta yayin da ake tuƙi. Akwai abubuwa biyu da ba sai an saya ba, ana haɗa su a Panteka cikin yini ɗaya. Ɗaya murfin bututun roba ne da aka huda aka sa masa bakin tiyub na taya, domin gwajin yoyon iska. Ɗayan kuma guntun bututun jan ƙarfe ne da aka daddaƙe bakinsa aka huda, a ɗaure shi da noti a jikin injin, a jona masa siririn tiyo har zuwa kunnen wanda ke zaune a gaba. Da shi ake jin ƙwanƙwasar injin, wadda za a yi bayaninta a gaba, tun kafin kunne ya ji ta a fili.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, bisa nauyi. Wannan shi ne lamda 1.0, kuma a nan injin ke zama lokacin sulo da tafiya ta yau da kullum. Idan aka take totur har ƙasa, ana buƙatar mai fiye da haka, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Injin da ba shi da turbo yana so tsakanin 12.5 da 13.1, mai turbo kuma a ƙarƙashin matsi yana so tsakanin 11.5 da 12.0, wato lamda 0.78 zuwa 0.82. Ka lura cewa ƙaramar lamba tana nufin mai ya yi yawa, babbar lamba kuma mai ya yi kaɗan. Masu koyo suna yawan juya wannan.

Taimin kuwa ana auna shi da digiri kafin fiston ya kai ƙololuwa. Idan tartsatsi ya zo da wuri, ƙarfi yana ƙaruwa har zuwa wani wuri, daga nan sai ragowar cakuɗin da ke gefen silinda ya fashe da kansa saboda zafi da matsi. Wannan fashewa ita ce ƙwanƙwasa, kuma ƙararta kamar a zuba tsakuwa a gwangwanin madara a girgiza. Abin da muke cewa "injin ya buga" ƙarshen labarin ne. Ƙwanƙwasa ce take fara shi. An taɓa kawo mini wata 335i da mai ita ya ɗora wa ƙwaƙwalwarta fayil na saiti daga intanet wanda aka tsara domin man RON 98 (RON ma'aunin okten ne, wato juriyar mai ga ƙwanƙwasa), ya fita da ita da rana tsaka a watan Afrilu. Da muka buɗe injin, gefen fiston guda ya gutsire kamar ɓera ya ci sabulu, farin kan fulogin kuma duk ɗigo-ɗigon baƙi da na azurfa kamar an barbaɗa masoro. Tafiyar da ta yi wannan ɓarna ba ta kai minti ashirin ba.

Mataki na 1: Ka tabbatar injin yana da lafiya

A nan ake kashe mafi yawan lokaci, kuma sau da yawa a nan ake samun ƙarfin da mai mota ke nema, domin yawancin motocin da ke zuwa hannunmu sun riga sun yi shekaru a waje kafin su iso ta Kwatano ko Legas.

Ka fara da karanta lambobin matsala, ka rubuta su a littafi kafin ka goge. Sannan ka duba lambobi biyu da na'ura ke nunawa da sunan STFT da LTFT, waɗanda ke faɗin yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa domin ta daidaita cakuɗi. Idan suna cikin kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, lafiya lau. Idan sun haura kashi 10, akwai yoyon iska, ko nozul ya toshe, ko famfon mai ya gaji, ko sensar auna iska ta yi datti. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana yi wa wannan sensa illa ƙwarai, musamman idan an sa filta irin mai buɗaɗɗen kai da ake shafa wa mai. A VCDS ana ganin waɗannan lambobi a rukuni na 032.

Ka auna matsin kowace silinda bayan injin ya yi zafi, totur a buɗe. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ya wuce, ka tsaya. Saiti ba ya gyara ringi ko bawul.

Sai maganar tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har injin ya ɗumama, kuma ina so in daɗe a kanta. Al'adar cire tamostat da jona fanka kai tsaye ta zama ruwan dare a garejojinmu, bisa tunanin cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Injin zamani an tsara shi ya yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105 gwargwadon mota, kuma ƙwaƙwalwa tana kallon wannan zafi kafin ta yanke shawarar yawan mai da taimin. Idan ruwan lagireto ya tsaya a 65, ita a ganinta injin bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, man ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Duk abin da ka auna a wannan hali ƙarya ne, duk saitin da ka gina a kansa kuma zai rushe. Ka mayar da tamostat, ka mayar da fanka hannun ƙwaƙwalwa, ka zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon na rijiya.

Ka duba ko an cire abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda ake kira indomi, domin rashinsa yana canza yadda turbo ke tashi, kuma yana kunna fitilar gargaɗi. Ka sa sabbin fulogi. Ga injin turbo da za a ƙara wa matsi, ana rage ratar baki zuwa kusan milimita 0.7 ko ƙasa kaɗan, kuma a kan ɗauki fulogi mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi, da mataki ɗaya. Hattara a nan: a NGK babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch kuwa akasin haka ne. Fulogi da kwayil na jabu sun cika kasuwa, don haka ka saya wurin wanda zai karɓi kayansa idan ya ƙi.

Gwajin yoyon iska yana da sauƙi. Ka cire tiyon da ke shiga turbo, ka toshe da murfin nan mai bakin tiyub, ka sa mai faci ya ba shi iska a hankali, kada matsinta ya wuce bar ɗaya, wato kusan psi 14.5 a ma'aunin mai faci. Ka fesa ruwan omo a kowace mahaɗa har zuwa intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya tura. Inda ya yi kumfa, nan ne ƙarfinka ke tsiyaya. Mai Golf GTI ta biyar, mai injin EA113, ya kuma cire famfon mai na saman injin ya duba ƙaramin kofin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, domin an san shi da cinyewa, kuma idan ya huje yana tafiya da kamshaf.

Mataki na 2: Ka tsayar da man da za a yi saiti a kansa

Yawancin fayilolin da ake sayarwa an tsara su ne domin RON 95 ko 98 na Turai, ko 91 da 93 na Amurka. Lambobin Amurka wani ma'auni ne daban: 87 nasu ya yi daidai da kusan RON 91, 91 nasu kusan RON 95, 93 kuma kusan RON 98. Wanda ya ga "91" a jikin fayil na Amurka ya ɗauka RON 91 ne, ya riga ya ɗora wa motarsa abin da ya fi ƙarfin manta. Ka ɗauka cewa man famfo na garin nan shi ne mafi ƙasa, ka fara da fayil mafi sauƙi.

Ka zaɓi gidan mai ɗaya mai ciniki sosai, ka bari tanki ya kusa ƙarewa, ka cika a can, kuma a can mai motar zai riƙa sha. Man bumburutu na jarka ba ya shiga motar da aka saita. Waɗanda suka tuna Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan har motoci suka lalace, sun san cewa ko na famfo yana iya canzawa. Kada ka yi saiti da ruwan ƙarin okten na kwalba a cikin tanki, sai dai idan mai motar zai riƙa zuba shi a kowane shan mai, abin da kusan babu mai ɗorewa a kai.

Mataki na 3: Ka ɗauki bayanan motar yadda take

Idan za ka ɗaura waidiban, a yi wa salansa walda a sa mata mazauni bayan turbo amma kafin indomi, ƙarshen sensar mai waya ya ɗaga sama da aƙalla digiri 10 daga kwance domin kada raɓar hayaƙi ta taru a kanta. Ka zaɓi abin da za a ɗauka: juyin injin, matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda aka samu, lamda, taimin, yawan digirin taimin da ƙwaƙwalwa ke janyewa a kowace silinda idan ta ji ƙwanƙwasa, zafin iskar shiga, zafin ruwa, da matsin mai. A VCDS janyewar taimin tana rukuni na 020, matsin turbo kuma a 115.

Kafin ka tayar da injin, ka kunna makulli ka kalli matsin iska. A Legas za ka ga kusan miliba 1010 (miliba 1000 shi ne bar ɗaya), a Kaduna kuwa tsakanin 940 da 950, saboda garin yana sama da teku da kusan mita 600. Wannan lamba tana da amfani biyu. Na farko, na'urori da yawa suna haɗa matsin sararin sama a cikin lissafi, don haka idan ka ga 2000, ainihin abin da turbo ya tura bar ɗaya ne da ɗan kai. Na biyu, turbo a nan yana wahala fiye da a bakin teku kafin ya kai lamba ɗaya, kuma iskar da yake fitarwa ta fi zafi. Injin da ba shi da turbo kuwa yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda haka kada ka yi tsammanin lambar da ke cikin takardar kamfani.

Wurin da ya fi dacewa da gwaji shi ne na'urar daino, inda mota ke gudu a ɗaure a kan ganguna. Idan babu, ana yi a hanya, amma da sharaɗi. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar tagwayen hanya kilomita 100 ne a awa, kuma hanyar Zariya da ta Abuja cike suke da tireloli da masu tsallakawa da shanu. Ka nemi miƙaƙƙen wuri da ba kowa, bayan gari ya waye sosai, ka sa giya ta uku, ka sauko zuwa juyi 2,000 a minti, ka take totur har ƙasa zuwa 4,500, ka saki. A mota irin GTI wannan bai kai kilomita 100 ba, kuma nan ne matsi da haɗarin ƙwanƙwasa suka fi yawa. Abin da ke sama da haka a bar wa daino ko rufaffen fili. Direba ya kalli hanya kaɗai, na gefensa ya kalli kwamfuta. A yi sau uku a wuri ɗaya, ta fuska ɗaya, a ajiye.

Idan a wannan mataki ka ga ƙwaƙwalwa tana janye digiri 4 ko 5 alhali ba a taɓa komai ba, motar ta riga ta gaya maka cewa man bai ishe ta ba ko a saitin kamfani. Irin wannan mota gyara da sanyaya take buƙata kafin ƙari.

Mataki na 4: Ka karanta fayil na asali ka ajiye

Ka jona caja, ka kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyi, ka rufe ƙofofi, ka hana kwamfutar yin barci. Idan babu caja, ka jona wayoyin jan wuta da wata mota da ke kan sulo. Na koyi wannan da tsada: na taɓa fara rubutu da batir mai rauni, fankar lagireto ta tashi da kanta a tsakiyar aiki, wuta ta faɗi, motar ta ƙi ko motsi. Sai da aka ciro ƙwaƙwalwar aka buɗe ta a kan tebur aka farfaɗo da ita, mai motar kuma ya yi mako uku yana hawan Keke Napep, ni na biya kuɗin gyaran.

Ka ajiye fayil na asali a wuri uku: kwamfuta, filashi, da imel ɗinka. Ka sa masa suna da lambar ƙwaƙwalwa da kwanan wata. Kowane sabon fayil ka ba shi lamba, ka rubuta a littafi abin da ka canza. Kada ka ɗora fayil na wata mota don kawai sunansu ɗaya. Dole lambar manhajar ƙwaƙwalwa ta zo daidai. Ka kuma tabbatar na'urarka tana gyara lambar tantancewa da ake kira cekisam, in ba haka ba motar ba za ta tashi ba.

Mataki na 5: Mai

Da mai ake farawa, domin shi ne kariya. Idan an canza bututun shigar iska ko nozul, ka fara daidaita jadawalin sensar iska har LTFT ya dawo cikin kashi 5 a sulo da tafiya mai sauƙi. Bayan haka ka koma gwajin giya ta uku, ka kwatanta lamdar da aka nema da wadda aka samu. Idan sun rabu, ka gyara da kashi 2 ko 3 a lokaci guda, kuma ka sassauta lambobin da ke maƙwabtaka da inda ka taɓa, kada jadawalin ya yi tudu da kwari.

Idan a ƙarƙashin matsi ka ga cakuɗi ya haura 12.5 yana tafiya 13, a saki totur nan take. Ka duba matsin mai: idan yana faɗuwa yayin da juyi ke hawa, famfo ne ya gaza, kuma ƙara lamba a jadawali ba zai haifar da man da babu shi ba. Haka kuma idan nozul yana buɗe fiye da kashi 85 cikin 100 na lokaci, ya kusa iyakarsa. Kuskure na ɗaya gefen shi ne a tsorata a cika mai har 10.5, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu, ga tsadar fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Mataki na 6: Taimin

Ka ƙara digiri ɗaya kacal a yankin da kake gwadawa, ka rubuta, ka yi gwaji, tiyon jan ƙarfen nan yana kunnen abokin aikinka. Janyewar digiri ɗaya ko biyu a silinda guda, sau ɗaya, ba abin tashin hankali ba ne, domin wani lokaci ƙarar ƙarfe mai kwance ce sensar ke ji. Amma idan ta kai digiri 3, ko ta bayyana a silinda biyu ko uku a tare, ko ta maimaita a juyi ɗaya a kowane gwaji, ka kai iyaka. Ka koma baya da digiri biyu daga inda ta fara, ka bar shi a nan. Waɗannan digiri biyu su ne za su ceci injin ranar da aka sha mai mara kyau a hanyar Birnin Gwari ko Kafanchan.

Akwai ranar da za ka ga cewa a man da ke tanki babu wurin ƙara ko digiri ɗaya, har ma sai ka rage daga na kamfani. Wannan ba gazawa ba ce. Mota da aka rage wa taimin ta daina ƙwanƙwasa tana jan hanya sumul fiye da wadda ƙwaƙwalwarta ke ta janyewa tana mayarwa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne rage jin sensar ƙwanƙwasa domin bayanai su fito da kyau.

Mataki na 7: Matsin turbo

Ka ƙara bar 0.1 a lokaci guda, kusan psi ɗaya da rabi. Duk ƙari yana mayar da kai mataki na 5 da na 6, domin ƙarin iska yana buƙatar ƙarin mai da ragin taimin. Ka kalli matsin da aka nema da wanda aka samu: idan na biyu ya yi tsalle ya wuce na farko sannan ya faɗo, ka sassauta yadda yake tashi. Kada ka nemi cikakken matsi a ƙasa da juyi 2,500, domin nan ne ake lanƙwasa sandar fiston ana ƙona kuloci. Idan juyi ya hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa. Giya mai sarrafa kanta ita ma tana da iyakar ƙarfin da take ɗauka, kuma wannan iyaka a rubuce take a tata ƙwaƙwalwar.

Ƙaramin turbo na kamfani yana da inda yake tsayawa. Idan ka ƙara matsi ka ga zafin iskar shiga ya hau amma motar ba ta ƙara sauri ba, zafi kawai kake turawa, sai ka koma lambar baya.

Mataki na 8: Gwajin rana

Saitin da aka yi da sanyin safiyar Disamba bai ƙare ba sai ya ga rana. Ka fita da motar da ƙarfe biyu, na'urar sanyi a kunne, ka shiga cunkoson titin Ahmadu Bello ko na Kawo na rabin awa har intakula ya ɗauki zafi, sannan ka koma wurin gwaji ka maimaita. Za ka ga zafin iskar shiga ya haura digiri 55 ko 60. Akwai jadawali da ke rage taimin da matsi idan iska ta yi zafi. Ka bar shi yadda kamfani ya sa, ko ka ƙara masa tsanani. Idan aka yi aikin da hunturu, ka ce wa mai motar ya dawo a watan Maris a sake ɗaukar bayanai.

Bayan gwaji ka ciro fulogi ka duba a hasken rana. Launin ƙasa-ƙasa mai haske yana da kyau, fari fat mai ƙyalli alamar zafi ne, ɗigo-ɗigo kuma ƙwanƙwasa ce ko da kunne bai ji ba.

Idan motar tsohuwa ce mai kafireta

Kaduna garin Peugeot ne, tun da aka fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma har yanzu akwai masu riƙe da 504 suna son ta yi ƙarfi. Ƙa'idar ɗaya ce, kayan ne suka bambanta. Ka fara daidaita ratar bawul da ta fulogi. Bayan injin ya yi zafi, ka cire siririn tiyon iska na jikin distributo ka toshe shi, ka haska alamar taimin da fitilar taimin, ka sassauta notin distributo ka juya shi kaɗan-kaɗan har alamar ta zo inda littafin motar ya ce. Idan babu fitila, ka yi wa mazauninsa alama da alli, ka matsar da shi kaurin ashana ɗaya ta fuskar da ke sa tartsatsi ya zo da wuri, ka hau tudu a giya ta huɗu da ƙaramin gudu ka take totur; da zarar ka ji tsakuwa a gwangwani, ka mayar da shi baya kaurin ashana biyu ka ɗaure. Sukurun sulo na kafireta kuma ana juya shi rubu'in zagaye a lokaci guda har injin ya kai juyi mafi sumul, amma wannan sukuru bai shafi man da ke shiga lokacin gudu ba, wannan aikin jet ne, wato ƙaramar ƙofar mai ta cikin kafireta, kuma ba a huda jet da allura.

Bayan an gama

Ka ba mai motar kwafin fayil na asali da na ƙarshe a filashi, da takardar da ta nuna man da aka yi saiti a kansa da matsin da aka tsaya. Ka gaya masa ya rage tazarar canza baƙin mai zuwa kilomita 5,000, ya yi amfani da nau'in da kamfani ya rubuta, ya duba filtar iska duk mako biyu a lokacin ƙura, kada ya take totur sai injin ya ɗumama, kuma bayan doguwar tafiya ya bar shi a sulo na minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe domin turbo ya huce. Bayan mako biyu ya dawo da motar a sake karanta LTFT da janyewar taimin a kan sabon tankin mai, kuma idan aka canza salansa, ko intakula, ko gidan man da yake sha, a koma mataki na 3.